Karen farauta ɗan wata goma ya gagari gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa mafarauta. Karen ɗan wata goma ne, hancinsa da gudunsa ba laifi. Amma yanzu damina ce, ba a fita daji, ƙarfi ya yi masa yawa: yana tsinke igiya, yana tonon gindin katanga, bai bar kajin maƙwabta ba. Gudun awa ɗaya da safe ƙara masa juriya kawai yake, ɗauri kuma ƙara haushin dare.

Don Allah, jan fatar zomo a ƙasa ya bi sawu zai fi gajiyar da shi? Yaya ake raba shi da kaji ba a kashe masa zuciyar farauta ba? In bayar da shi za a yi, kwana nawa sabon ubangidansa zai ɗaure shi kafin ya daina gudowa?