Kano zuwa Guangzhou: awa nawa ne ainihin tafiyar?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Tikitin da aka turo mini ta Addis Ababa ya nuna tashi daga Kano ƙarfe 1 na rana, sauka Guangzhou ƙarfe 4 na yammacin washegari. Na lissafa na ga awa 27. Masana, nisan ya kai haka?

Mai Taswira: Wa'alaikumussalam Alhaji. Bai kai ba, agogo ne ya ruɗe ka. Kowane lokaci da ke kan tikiti na garin da aka ambata ne, kuma Sin tana gaban Najeriya da awa 7, Habasha kuma tana gaban Najeriya da awa 2. Cire 7 daga 27, saura 20. A cikinsu kusan 5 daga Kano zuwa Addis, wajen kilomita 3,300, sai 10 da 'yan kai zuwa Guangzhou, wajen kilomita 8,000. Ragowar zaman jira ne a Bole, filin jirgin Addis. A dawowa kuma ƙara 7 ɗin za ka yi.

Injiniya: Kada a raba kilomita da gudun jirgi a ce an gama. Gudun 850 zuwa 900 a awa sai jirgi ya daidaita a sama. Lokacin tikiti kuwa daga janye jirgi a ƙofa ne har ya tsaya a wata, da bin layin tashi da komai. Ga iska. Da hunturu iskar can sama tana kaɗawa daga yamma, sai ta tura mai zuwa Sin ta danne mai dawowa. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa ta gabas ce ke da ƙarfi a kan tekun Indiya, lissafin ya juya. Sannan tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jirage suke kauce wa samaniyarta, zangon farko ya ɗan ƙara tsawo.

Bole yana kan tudu, sama da mita 2,300. Iskar wurin ba ta da kauri, jirgi mai cike da mai da kaya yana shan wuyar ɗagawa da zafin rana, sanyin dare ya fi masa.

Hajiya Mai Leshi: Ni dai Alhaji, tazarar canjin jirgi nake so ka duba. Duk abin da bai kai awa 2 ba ka bar shi, don in na Kano ya makara, ko kai ka samu shiga da gudu, akwatinka ba lallai ya bi ka ba. Tikitin ya zama guda tun daga Kano, ka karanta takardar da aka manna wa jakarka da idonka, CAN za ka gani, wato alamar filin jirgin Guangzhou. Kuma in ka tambayi ma'aikaci lokaci a Addis, ka gwada da allon filin: agogon gargajiyarsu daga wayewar gari yake fara ƙirga, ƙarfe 7 na safe shi ne 1 a wurinsu.