Na ci cuku mai laushi da cikin wata biyar, hankalina ya tashi

Assalamu alaikum 'yan uwana mata. A Garwa nake, cikina wata biyar, na fari ne. Maigida ya zo da cukun Camembert daga Yawunde, na ci da burodi har sau biyu. Daga baya na ga an rubuta "lait cru" a kwalin, wato da ɗanyar madara aka yi shi. A wajen awo an gaya mana irin wannan kan ɗauki ƙwayar listeriya mai jawo ɓari, kuma alamunta kan ɓuya har makonni. Zazzaɓi babu, jaririn yana motsi, amma barci ya ƙaurace mini. In koma asibiti yanzu ne, ko sai na ji wani abu?

Kindirmon da nake saya wajen Fulani fa? Shi kaɗai cikina ke karɓa da safe. Don Allah ku taimaka mini.