Shawarwarin ma'auratan da suka yi hutu a bakin tekun Zanzibar

Waɗanda suka je, bakinsu ya zo ɗaya kan masauki: a nemi otal a Nungwi ko Kendwa, arewacin tsibirin. A gabas, wajen Paje, teku kan janye da nisa, ku fito wanka ku tarar da yashi da ciyawar ruwa. A guji Afrilu da Mayu saboda ruwan sama.

An yi saɓani kan biyan kuɗin ci da sha duka tun farko. Ina tare da masu cewa karin kumallo da abincin dare sun isa, domin sau da yawa kuɗin giya na cikin wancan lissafin. Ɗaki kuwa, a roƙi na nesa da dandalin kiɗa, uwargida ta samu barci.