Zuba 'ya'yan kifin gona a kogi: gyara ne ko ɓarna?

Ɗan Fadama, Auyo:
Assalamu alaikum. Masunta a yankinmu suna shawarar haɗa kuɗi a sayo 'ya'yan tarwada daga masu ƙyanƙyasa a zuba a kogi, tunda kamu ya ja baya. Sai wani ya kawo zancen wani kifin Amurka, redband, wai irin wannan zubin ne ya illata shi. Masana, mene ne gaskiyar lamarin, kuma ya shafe mu?

Malamin Kifi, Wudil:
Wa alaikumus salam. Maganar tana da tushe. Redband kifin ruwan sanyi ne mai jan zane a gefe, yana rafukan yammacin Amurka, irin su jihohin Oregon, Idaho da Nebada. Abin da ya fi danginsa da shi shi ne jure zafi: a rafukan hamada yakan kai labari ko da ruwa ya haura digiri 25. An yi shekaru ana zuba masa ɗan'uwansa na gidan ƙyanƙyasa, wanda asalinsa na wajen bakin teku ne. Da yake jininsu ɗaya sai suka yi ta barbara, irin asali ya gauraye da wanda bai saba da wurin ba. Yanzu a Idaho, idan za a zuba wannan ɗan'uwan nasa don masu ƙugiya, galibi wanda aka mayar juya ake zubawa. Ana matsa ƙwan da injin matsi, ko a tsoma shi a ruwan ɗumi, jim kaɗan bayan an haɗa shi da maniyyi, kifin ya girma amma ba ya haihuwa.

Tarwadar gona ma haka take. Galibi daga iyaye ƙalilan aka yi ta fitar da ita, ta saba da abincin buhu, wata kuma haɗin tarwada da ramboshi (wani babban kifi danginta) ce, mai saurin girma da cin na ƙasa da ita. Ga cutar da kan biyo ruwan jarkar da ake ɗauko 'ya'yan kifin a ciki. A ganina a bar ta a kwatami.

Injiniyan Ban-ruwa, Kura:
Malam ya faɗi gaskiya, amma akwai asarar da ba a lissafawa: bakin magudana da bakin tiyo. A can Amurka sun gano cewa ƙananan kifi suna bin ruwan ban-ruwa su ƙare a gona, shi ya sa suke sa raga. Ƙa'idarsu ita ce huda kada ta wuce milimita 2.4, kuma ruwa ya ratsa ragar a hankali, kamar santimita 12 a daƙiƙa idan tana share kanta, 6 idan ba ta yi.

Mu kwatanta da injin ban-ruwa mai inci 3. Yana jan kusan lita 1,000 a minti, wato wajen lita 17 a daƙiƙa. A gudun santimita 6 ana buƙatar raga mai faɗin murabba'in mita 0.3. Maƙeri ya lanƙwasa rodi ya yi kwando mai faɗin santimita 40 da tsayin 40, a naɗe shi da raga, kan tiyo ya zauna a tsakiya ba ya taɓa gefe. A ɗaga shi daga laka da bulo. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure gidan sauro kai tsaye a bakin tiyo. Wurin ya yi kaɗan, jan ya yi ƙarfi, 'ya'yan kifi su manne su mutu, gansakuka ta toshe shi, injin ya riƙa shan iska. Ko kwandon ma yana son goga safe da yamma.

Jikan Sarkin Ruwa, Guri:
Ranku ya daɗe, kada a kwaso maganin Amurka gaba ɗaya. Su inuwa suke nema, shi ya sa suke killace bakin rafi daga shanu suna dasa itatuwa, don ruwa ya yi sanyi kuma laka kada ta binne tsakuwar da redband ke zuba ƙwai a ciki. Namu kifin ambaliya yake jira. Tarwada da bargi sai ruwa ya hau ciyawar fadama da damina suke hayayyafa. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar ta ragu, ruwan da ake saki da rani kuma ya ba ciyawar kachalla damar cinye hanyoyi. Kifin da bai samu hanyar shiga fadama ba, ko miliyan aka zuba ba zai bar baya ba.

Gara kuɗin da za a haɗa ya tafi wajen yankan kachalla, kuma a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, don idan kututturen ya leƙo sama sai ta sake tofowa. A hana dumba, wato shingen tarkon kifi, ta tare kogi daga gaɓa zuwa gaɓa, a daina raga mai idon da bai kai inci 3 ba, a ware gurbi ɗaya mai zurfi da ba a taɓawa sai ranar da aka buɗe shi don kamun kifi. Mai zuba gamalin kuwa, wato maganin ƙwari da ake kashe kifi da shi, a kai shi gaban hakimi.

Ɗan Fadama, Auyo:
Allah ya saka da alheri. Injiniya, ragar ƙarfe ko ta roba?

Injiniyan Ban-ruwa, Kura:
Ta ƙarfe marar tsatsa idan aljihu zai ɗauka. Ta roba tana yi, sai dai rana na cinye ta, a riƙa duba ta duk kakar noma.