Cash 'n Guns: wanda ya kwanta, ina makomar katinsa?

Mai_Dara: Assalamu alaikum. Tambayata kan bugu na biyu ne na Cash 'n Guns, wasan teburin da kamfanin Repos Production ya fitar a 2014, mai bindigogin soso. Idan mutum ya nuna wani da bindiga, sannan shi kansa ya tsorata ya kwanta, harsashinsa zai fita? Kuma me ya sa wasan ke yin lami idan mutum huɗu ne kacal?

Bakano_Tebur: Wa alaikumus salam. Ba zai fita ba. Kowa na da katin harsashi 8, biyar "Click" ne marasa komai, uku "Bang", kuma zagaye 8 ake yi, wato kati ɗaya a kowane zagaye. Ana fara baje katin ganima 8, kowa ya kife harsashinsa, Ubangida (ɗan wasan da ke jagorantar zagayen) ya ƙirga zuwa uku, a nuna juna. Daga nan Ubangida yana da damar tilasta wa mutum ɗaya ya kawar da bakin bindiga daga kansa. Sai a sake ƙirgawa: mai ƙarfin hali ya ce "Banzai", matsoraci ya kwantar da ɗan hoton da ke gabansa. Wanda ya kwanta, katinsa ya tafi a kife. Haka ma wanda ya nuna shi. A nan mutane ke kuskure, su buɗe katin don a yi dariya. Da an buɗe, kowa ya san Bang nawa suka rage maka, barazanarka ta mutu ke nan. Sannan harbi lokaci guda yake, ko an harbe ka naka harsashin ya riga ya fita.

Hajiya_Kati: Malam Bakano ya gama da ta farko. Kan lamin: da mutum huɗu bindigogi ba su cika taruwa a kan mutum ɗaya ba, ga kati takwas ana rabawa tsakanin mutum uku ko huɗu, kowa ya ƙoshi, ba abin da za a yi kasada a kansa. Da shida zuwa takwas ne ake ganin bindiga uku a goshin mutum ɗaya, alhali rauni uku ke fitar da shi daga wasan gaba ɗaya. Ku nemi ƙarin mutane, shi ne maganin.

Wani abin da ake rainawa cikin katin ganima shi ne zane-zane. Ɗaya dala 4,000 ne kawai, biyu 12,000, uku 30,000, biyar 100,000. Duk wanda ya tara uku, shi ya kamata a nuna, ba mai takardun dala 20,000 ba. Lu'ulu'u kuma wanda ya fi yawan katinsu ke samun ƙarin 60,000, in an yi canjaras ba mai samu.

Bakano_Tebur: Gaskiya ne Hajiya. Ƙari ɗaya, ɗan'uwa: kada ku haɗa da ƙa'idojin bugun farko na 2005. Can akwai katin "Bang Bang Bang" da tarar dala 5,000 kan kowace kwanciya, kuma raba kuɗi daidai wa daida ake yi. A na biyu kowa ɗaukar kati ɗaya yake bi da bi, farawa daga Ubangida in yana tsaye.