Neman shawara: kwaɓin jelatin ya ƙi kama gilashi, hoton kuma yana fita da hazo

Ɗan Mai Hoto: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi sana'ar hoto a nan Kano, kuma cikin kayan da ya bari akwai kyamarar katako mai zugazugi, irin wadda mai ɗauka yake lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. 'Yan'uwana sun so a sayar da ita tare da sauran kayan shago, ni kuwa na roƙa a sa ta cikin rabona na gado, domin burina in ɗauki hoton mahaifiyarmu da ita. Gilashi ake zura mata a baya, ba fim ba, shi ya sa na sayi sinadaran silba naitiret da fotashiyam buromayid da jelatin na masu yin kek, don in haɗa kwaɓin da ake shafa wa gilashin ya kama hoto. Na narka jelatin da buromayid, na zuba ruwan silba a hankali ƙarƙashin jar fitila, na bar shi a kan wuta ya nuna, na daskarar a firji, na yayyanka na wanke. Idan na zuba a kan gilashi ba ya tsayawa, sai ya gangara gefe guda. Wanda ya bushe kuma, da ya shiga ruwan wankin hoto sai ya fara ɓarewa daga baki, ragowar ta yi hazo, wato toka-toka, har inda haske bai taɓa ba. Silbar ta kusa ƙarewa, kuɗinta kuwa ba kaɗan ba ne.

Tsohon Mai Hoto: Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Zafi ne matsalarka, babu wani abu bayansa. Jelatin yana narkewa da zarar ya wuce digiri 30 da ɗan kaɗan, kai kuma kana aiki a watan Afrilu, lokacin da Kano take haura digiri 40. Likitan da ya fito da wannan hanya a 1871, Richard Maddox, a Ingila ya yi ta, inda sanyin ɗaki kaɗai yake daskarar da kwaɓin. Ka ajiye silbarka sai hunturu, sannan ka rufe gilashin yayin bushewa saboda ƙura. In ba za ka iya jira ba, ka sanyaya tayil mai kauri da ƙanƙara, ka tabbatar bai karkace ba, ka ɗora gilashin a kai, ruwan wankin kuma ya tsaya wajen digiri 20.

Malamar Kimiyya: Baba, Allah ya ƙara girma, zafi ya bayyana gangarowa da ɓarewa, amma bai isa ya bayyana hazon ba. Malam bai gaya mana awon da ya yi ba, ko irin tukunyarsa, ko ruwansa, ko zafin da ya dafa kwaɓin. Giram 10 na silba naitiret yana buƙatar giram 7 na buromayid, kuma ana ƙara ɗan kaɗan a kai, domin idan silba ta yi rara gilashin baƙi zai yi ko bai ga haske ba. Dahuwar ana yin ta ne wajen digiri 50 zuwa 60 a cikin kwalba da aka tsoma a ruwan zafi, kuma idan ta wuce lokaci hazo ne sakamakonta. Jelatin na abinci ma yana iya zuwa da ɓurɓushin sinadarin farar wuta, wanda Samuel Sheppard na kamfanin Kodak ya nuna a 1925 cewa kaɗansa yana ƙara wa kwaɓi saurin kama haske, yawansa kuwa hazo yake kawowa. Don Allah ka riƙa sa tabarau da safar hannu, domin silba naitiret tana iya lalata ido.

Ɗan Mai Hoto: Na gode, Malama. Tukunyar ta alminiyam ce, amma sabuwa ce fil, ba a taɓa girki da ita ba, ruwan kuma na leda ne da muke sha a gida. Da cokali nake awo, hannuna kuwa ba ya kuskure. Baba, hunturu ya yi mini nisa.

Baƙon Damagaram: Aƙalla kai kana samun wutar da za ta riƙe firji. Ni kwaɓina na ƙarshe a firji ya lalace, bayan an ɗauke wuta ya narke ya fara wari, wani ɗan kasuwa kuma ya sayar mini da silbar da ta riga ta yi duhu a kwalba, da na koma ya ce kayan da suka fita ba sa dawowa. Shawarata ka yanka takardar hoto daidai girman gilashin ka ɗauka da ita. Ka kuma duba ledar jelatin ɗinka, domin na abinci da yawa daga fatar alade ake yin sa, na hoto kuwa akasari daga ƙashin shanu.

Tsohon Mai Hoto: Takarda ba ta ba da kaifin da gilashi yake bayarwa, kada a karkatar da yaron. Ɗana, ka goge gilashin da garin alli da sifirit har ruwa ya riƙa shimfiɗuwa a kansa ba tare da ya dunƙule ba, ka goge kaifin bakinsa da sanfefa, sannan ka zuba kurom alam a kwaɓin don ya taurara. Mutanen da suka yi wannan aiki a da ba su da ɗakin gwaje-gwaje.

Malamar Kimiyya: Baba, suna da sikeli. Malam, sabuntar tukunya ba ta hana alminiyam ƙwace silba daga ruwanta ya mai da ita ƙarfe, ruwan sha kuma ba ya rasa gishiri. Ka ɗiga silba a cikinsa, in ya yi fari kamar an zuba madara, to tataccen ruwa kake buƙata. Kurom alam kuwa a ɗan abin da za ka shafa nan take kawai ake sa shi, domin kwaɓin da ya taurara ba ya sake narkewa yadda ya kamata. Kafin ka taɓa ragowar silbar, ka wanke gilashi ɗaya da bai shiga kyamara ba cikin duhu sosai, ɗaya kuma ƙarƙashin fitilarka, mu ga ko hazon daga kwaɓin yake ko daga fitilar.

Ɗan Mai Hoto: Fitilar ta mahaifina ce, ya yi shekaru yana wanke hoto da ita, don haka ba na zarginta. Ledar jelatin ɗin an rubuta na shanu ne. Zan gwada tayil ɗin Baba, ruwan kuma zan duba. Kurom alam ne ban samu ba a shagunan da na zaga. Shin alam ɗin da ake tace ruwan sha da shi zai iya maye gurbinsa, kuma nawa ake zubawa?