Ƙanena yana son barin tramol, me waya za ta iya yi masa?

Yaya daga Birni: Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena ɗalibi ne a jami'ar André Salifou ta Damagaram. Da kabu-kabu yake neman kuɗin karatu, can ya koyi shan tramol wai don ya jure gajiya. Shi da bakinsa ya ce mini yana son bari, kunya ce ta hana shi zuwa asibiti. Waya kuwa ba ta barin hannunsa. Akwai abin da zai taimake shi a cikinta?

Malamin lise: Amin wa alaikumus salam, Hajiya. Nemi tambayoyin ASSIST na Hukumar Lafiya ta Duniya, masu auna shaye-shaye, guda 8 ne, akwai su da Faransanci a intanet. Ku amsa tare, makin zai nuna inda shan nasa ya kai.

Malamar asibiti: Don Allah 'yar'uwa, kada ya yanke lokaci ɗaya. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, na kasuwa kuwa ƙwaya ɗaya sai ta kai 225 ko 250. Biyu sun riga sun wuce ƙa'ida, shi ya sa kike jin yaro ya faɗi yana fizge-fizge kamar mai farfaɗiya. In kuma ya bari kwatsam: zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace. A hankali ake ragewa, a hannun likita. Ki raka shi babban asibitin Damagaram.

Tsohon ɗan fada (majalisar samari), Kara-Kara: Yaya, ni na bi hanyar nan. Na sauke manhajar ƙirga kwanaki, da Turancin Ingilishi take, ga cin mega, sati guda na goge ta. Abin da ya riƙe ni zauren WhatsApp ne, mu 5 kacal. Bayan asuba kowa ya turo murya: jiya na sha ko ban sha ba. Ba zagi, ba wa'azi. Bayan isha'i ne abin ya fi taso mini, sai in kira ɗayansu mu yi ta hira har ya lafa. Lambar mai sayarwa ma a gabansu na goge ta.

Baba Alhaji, Zango: Allah ya yi maka albarka, yaro. Ke kuma 'yata, kada sunansa ya fito a zauren dangi, tonon asiri kan mayar da yaro baya.

Yaya daga Birni: Na ji, Baba, na gode muku duka. Litinin da safe zan raka shi asibiti in sha Allahu. Ƙanena na Kara-Kara, in ya yarda zan turo maka lambarsa ta gefe.

Tsohon ɗan fada, Kara-Kara: Turo, Yaya. Ki ce masa ni zan fara kira.